Idon Ɗan Mayaƙi

A bencin asibitin ido kowa ya yi jugum, ban da dattijon da ke kusa da wata mai ɗinki. Ya shimfiɗa hankici a cinya, ya jera ƙananan kwalaben fenti, yana riƙe da ɗan mutum-mutumin da bai kai babban yatsa ba, mayaƙin zamanin da mai sulke da garkuwa. Ita kuwa, wadda ta zo saboda zare ya fara ƙin shiga mata allura, sai satar kallonsa take yi.

Faratansa duk launi ne. Tana ayyana ɗakinsa a ranta: kabad cike da runduna da dodanni masu fukafukai, an hana jikoki taɓawa. Sulken ya fito tsaf, idanu ne kawai babu a fuskar.

Yana kawo mayaƙin dab da hancinsa, yana ɗauke numfashi. Ya ɗauko buroshi siriri kamar gashin gira. Ya ɗiga sau biyu.

"'Yata, ara mini idonki," in ji shi. "Yau za a yi mini aiki, ban san yadda zan fito ba. Na ce bari in sa masa nasa tukuna. Sun zauna daidai?"

Ta ƙanƙance ido. Ɗigo ɗaya yana gurbinsa, ɗayan yana kan kunci.

"Sun zauna, Baba."

Nas ta kira shi. Ya tattara kayansa, ya miƙe da murmushi yana lalubar bango. Mai ɗinki ta rufe ido ɗaya, ta gwada karanta rubutun da ke kan ƙofar. Haruffan sun ƙi tsayawa wuri ɗaya.