Gyambon Kunnen Haruna

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lafiya a karkara, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba a watan Fabrairun 2005. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗan asibiti tsakanin Kura da Bunkure. Irin asibitinmu ba ya da likita. Muna ba da maganin zazzaɓi, mu wanke rauni, mu yi rigakafi. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu rubuta takarda mu tura birni. Shugabarmu wata ƙwararriyar nas ce 'yar Filato, Sista Rifkatu, wadda ta daɗe a yankin har Hausarta ta zama ta Kano.

Da hantsi wani manomi zabiya ya shigo, ya ce sunansa Haruna. Na ɗauka ya kai hamsin, domin wuyansa ya tattare, bayan hannunsa ya yi kaushi da dabbare-dabbare. Da na tambayi shekarunsa ya ce talatin da ɗaya. Ba ciwo ne ya kawo shi ba. Man shafawa yake nema, wai a kasuwar tumatir wani baƙo ya tambaye shi ko shi ne mahaifin yayansa Sale, mutane suka yi ta dariya.

Yana magana na hango wani ɗan gyambo a saman kunnensa na dama, gefensa ya yi tudu. Ya ce tun damina yake, ya bushe ya dawo, in hula ta goge shi sai jini. Na kira Sista. Ta duba, sannan ta rubuta takardar zuwa babban asibiti a Kano, ta ce kada ya wuce makon nan. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tafi.

Bayan fitarsa ta zaunar da ni. Ta ce a ƙarƙashin fata akwai wasu zaruruwa da ake kira kolajin, su ke riƙe ta a miƙe. Da shekaru, ƙwayoyin da ke saƙa su sukan rage ƙwazo. Hasken rana kuwa yana gaggauta abin, don yakan sa fata ta saki sinadarai masu tsinka zaren. Mafi muni, yana ɓata umarnin da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Jiki yana gyarawa kullum, amma wasu kurakuran suna kuɓuce masa, su taru, har wata ƙwaya ta fara hayayyafa ba tsayawa. Baƙin fatarmu yana tare yawancin hasken. Haruna ba shi da wannan kariyar, ga shi tun yana yaro yake cikin fadama.

"Malam Bashir, ina tsoron sankara ce," in ji ta. "Yanzu ana iya cirewa. In ta shiga wuya, sai addu'a."

Mako ya zagayo, na tambayi wani direban da ke ɗaukar mutanen ƙauyensu, ya ce Haruna yana gona. Daga nan zama ya gagare ni. Ina auna jinin mutum, hankalina yana kan kunnen. In na ji ƙarar babur sai na leƙa. Abinci ma a tsaye nake ci. Sista ta gaji da zirga-zirgata, ta ce in ɗauki babur ɗin asibiti in je.

Na same shi tsakar rana a bakin kanal ɗin noman rani yana karkatar da ruwa cikin kunyoyin gonarsa, fuskarsa ta yi jajur. Na faɗa masa komai ban ɓoye ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya jingina da fartanyarsa.

"Likita, na ji. Amma ruwan nan da rabo ake sakinsa. In na tafi aka kwantar da ni, wa zai shayar? Ga tumatir ya nuna. Ka ce in guji rana, to a ɗaki zan noma?"

Na juya na hau babur. Na koma, na kwana biyu ina juya maganar, sannan na nemi Sale. Shi dillalin tumatir ne, a rumfa yake wuni a bakin titi. Da farko ya ce ai ƙaninsa haka Allah ya yi shi. Na ce ya kalli bayan hannun Haruna, ya kuma ɗaga rigar ƙanin nasa ya ga cikinsa inda rana ba ta taɓawa. Da yamma ya yi hakan a gabana. Fatar cikin sumul take, ta matashi. Sale ya saki rigar a hankali, ya ce gobe da safe su biyu za su shiga mota, maƙwabta su riƙe ruwan.

Sankarar ce kuwa. An yanke saman kunnen, likitoci suka ce ba ta bazu ba. Da suka dawo, Sale da kansa ya yanke shawara: Haruna ya koma rumfa, shi ya shiga gona. Bai iya shayarwa sosai ba, a shekarar farko rabin tumatirinsu ya lalace, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Haruna ya koma sa malafa da riga mai dogon hannu, yana zuwa mu duba shi lokaci-lokaci. Sau biyu likitoci suka ƙone masa wasu ƙananan tabbai da suka fito. Har na bar yankin yana nan lafiya.

Ku da kuke fara aikin nan, abin da na koya shi ne takardar turawa ba ta kai mutum asibiti. Manomi ya fahimci bayaninka sarai, abin da ya riƙe shi yana gona. Tun daga lokacin, kafin in ce wa mutum ya tafi birni, sai na fara tambayarsa wa zai tsaya masa a kan aikinsa. In ya ce babu kowa, to na san aikina bai ƙare ba.