Yadda Baba Awo Ya Sayi Gida Yana Maƙale a Bango

Ku matso ku ji, amma kada ku ce a bakina kuka ji. Mijin gwaggona, wanda duk unguwa ke kira Baba Awo, shekara talatin ya yi a ofishin masu duba sikelin 'yan kasuwa. Ya yi ritaya, amma aikin ya ƙi fita daga jikinsa. Ko wanka zai shiga, tef ɗin awo na hannunsa. Ya auna hancin jikarsa ranar da aka haife ta. Ya taɓa mayar da burodi wai yanka ɗaya ya fi sauran kauri. Ni kaina ya taɓa auna min murmushi, ya ce na hagu ya fi tsawo, in gyara.

Shi ya sa har ya yi furfura a gidan haya. Gida arba'in da ɗaya ya duba zai saya. Wannan ƙofarsa ta karkace da kaurin farce, wancan wai inuwarsa ba ta faɗuwa daidai. Dillalai in suka hango shi sai su faɗa shagon aski su rufe fuska da tawul.

Sai mai gidan hayar ya ce su kwashe kafin Juma'a, rushewa zai yi. Gwaggo da kanta ta samo gida na arba'in da biyu, aka daidaita, saura zagayen ƙarshe a sa hannu. Mai sayarwar, wani tsohon direban tirela marar son dogon zance, ya ce ƙarfe huɗu na Alhamis in ba a sa hannu ba, akwai mai jira a layi. Kun ga in Baba ya sake ƙyanƙyaso wani aibu, a titi za su kwana da katifunsu. Gwaggo ta san kayanta. Ranar Alhamis da safe ta sace tef ɗin ta binne a buhun shinkafa, ta ja ni in zama shaida.

Muna shiga gidan ya fara laluben aljihu.

"Ina tef ɗina?"

"Ka tambayi aljihunka, Malam," in ji Gwaggo. "Ni ba ajiya ka ba ni ba."

Kuna tsammanin ya haƙura? Ya auna falo da taku, ya auna tagogi da tafin hannu. Ya kora ruwan bayi sau goma sha ɗaya, kunne manne da tanki kamar likita na sauraron ƙirji. Ya shinshina soket ɗin lantarki. Ya kwanta rub da ciki ya ajiye lemo a ƙasa don ya gangara ya tona asirin daɓen. Lemo ya tsaya cak. Baba ya harare shi kamar ya ci amanarsa.

Ƙarfe uku ta yi, dillalin da ke zagayawa da mu ya jiƙe sharkaf da gumi, ba a samu aibu ba. Sai idon Baba ya faɗa kan wata 'yar taga tsakanin falo da kicin, wadda ake miƙo abinci ta ciki.

"Takardar gida ta ce faɗinta nawa?"

"Inci goma sha shida, yallaɓai," in ji dillali.

"Ƙarya ne. Faɗin ƙuguna goma sha biyar ne cif. In na wuce, takarda ta yi gaskiya."

Gwaggo ta ce, "Yaushe ka auna ƙugun?"

"Shekarar da muka yi aure."

Mutumin da ya auna duniya kaf, ashe bai sake auna kansa ba! Ya cire hula ya miƙa min, ya tura kai, ya tura kafaɗu, tumbi ya iso bakin taga ya ce nan ne tasharsa. Kai da hannuwa a kicin, ƙafafu na ta iyo a falo.

Dillali ya ja ƙafa, ni na ja hannu, Baba ya ƙara tsawo amma bai motsa ba. Muka shafa sabulu, muka ƙara da man girki. Ya yi sheƙi dai, shi ke nan. Aka kira magini daga gidan da ake ginawa a gefe, ya duba ya ce sai an fasa bulo biyu.

Direba ya tare shi da hannu ɗaya. "Ba mai taɓa min bango. Har yanzu gidana ne. Mai gida kaɗai ke fasa gidansa."

Gwaggo ta dubi agogo, saura minti goma. Ta zagaya kicin, ta jawo kujera, ta shimfiɗa takardun a ƙarƙashin hancin mijinta, ta sa masa biro a hannu.

"Ai ban gama dubawa ba," in ji Baba, murya a shaƙe. "Ban hau rufi ba."

"To tashi ka hau."

Ya yi wutsil-wutsil da ƙafa. Ya sa hannu a shafi shida, yana ƙorafin layin sa hannun ya karkace.

"Yauwa, gidana ne yanzu," in ji shi. "Magini, fasa!"

"Gidanmu dai," in ji Gwaggo. "Shekara talatin ina jiran bango nawa na kaina, ranar farko a fasa min shi? Magini, koma bakin aikinka, mun gode."

Baba ya fusata, ya ja wani dogon numfashi zai yi tsawa, tumbi ya shige ciki, sai ga shi sulluɓ a ƙasan kicin, yana ƙyalli kamar kifi.

Suna gidan har yau. Tef ɗin ya fito ranar da shinkafa ta ƙare, Baba ya ruga ya auna tagar: goma sha shida cif. Bai gaya wa kowa ba, ni ce na leƙo shi. Na kuma ga ya zagaya tef ɗin a cikinsa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya naɗe shi ya ce wai shinkafa ta lalata masa kayan aiki.