Ranar da Injin Ƙyanƙyasa Ya Yi Shiru

Abubuwa da yawa na farkon aurena sun shige mini, amma ranar da injin ƙyanƙyasar maigidana ya yi shiru tana nan daram, kuma ban ga abin da zai goge ta ba. Lokacin muna Tsiga, ina goyon ɗana na fari. Ni kuwa Allah Ya yi ni da fargaba. Yaro na barci sai na kai yatsa hancinsa in ji ko yana numfashi.

Maigidana ya yi karatun kwamfuta a Funtua, aikin ofis bai samu ba, sai ya haɗa injin da hannunsa. Tsohon firij ne ya sa wa fitilu masu zafi da fanka da sola, sannan wata 'yar kwamfuta mai allo da madannai tana kula da ɗumin ciki. In ɗumi ya ragu ta kunna fitilun, sai ka ji ƙas. In ya isa ta kashe, ka sake jin ƙas. Da yake zabuwa ba ta iya kwanci ba, da damina matan unguwa ke kawo ƙwan zabbinsu, kowacce ta yi wa nata alama da gawayi ko shuni, in sun fashe a ba mu kasonmu.

Wata rana abokinsa na Malumfashi, wanda suka yi karatu tare, ya zo. Na kai musu abinci zaure na tarar suna musu.

"Kai dai ba ka son zaman lafiya," in ji abokin. "Injin da ƙwan mutane ke ciki za ka ɗora a kan mai gudu?"

"To sabon ma'aunin zafin da na saya, mai tsayuwa ba ta san shi ba. In jira har a fitar da ta gaba? Damina za ta jira ni?"

"Uwargida, ki zama shaida, na faɗa masa."

Na ce, "Ni shaidar tuwo kawai zan iya."

Bayan ya tafi na tambayi maigidana mene ne mai gudu. Ni iyakata firamare, sai ya bi da ni a hankali. Ya ce shi ba ya zuba wa kwamfutar manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Fayil guda yake rubuta duk abin da yake so ta ƙunsa, ita kuma ta je ta ɗebo ta gina kanta yadda ya faɗa. Inda take ɗebowa hanya biyu ce. Mai tsayuwa sai an daɗe ana gwada kayanta kafin a fitar, in an fitar kuma ba a taɓa su sai gyaran dole. Mai gudu kullum da sabon abu, abin da aka gama jiya yau yana ciki. Na ce wato ɗaya rijiya ce, ɗaya rafin damina. Ya yi dariya ya ce haka ne, kuma a rafin kaɗai ake samun abin da ma'auninsa ke buƙata. Ya kuma saita ta kowace safiya ta duba ko akwai sabo ta ɗauka da kanta. Yanzu in na tuna, dalilinsa na gaskiya ne, tsohon ma'aunin ya sha yi masa ƙarya. Sai dai wannan ɗaukar sabo ta kowace safiya ce ban so ba, ban kuma san yadda zan faɗa ba.

An yi makonni lafiya. Sai aka yi rasuwa a danginsu a Maska, ya hau babur da sassafe. Ranar ana marka, gari ya yi sanyi, ƙwan kuma saura kaɗan su fara fashewa.

Bayan azahar ina zaune ina ba yaro nono, sai na ji gidan ya yi mini wani iri. Na daɗe kafin in gane mene ne. Ƙas ɗin nan ne babu. Ɗakin injin na jikin nawa, kunnena ya saba da shi har ba na lura, kuma da na yi tunani, tun hantsi ban ji shi ba. Na leƙa. Fanka na juyawa, allo na nuna lambar ɗumin da ya saba nunawa, amma ba ta motsi, alhali kullum tana ɗan hawa tana sauka. Fitilu a kashe. Na buɗe kaɗan na ɗauko ƙwai ɗaya daga farantin sama, ɗaya daga na ƙasa, na ɗora a fatar idona. Na sama da sauran ɗumi. Na ƙasa ya yi sanyi kamar an ɗauko shi daga gindin randa.

Na kira maigidana, waya ba ta shiga. Na sake, na sake. Na dafa ruwa na zuba a gorunan roba, na naɗe su da tsumma na jera a ƙasan injin, na rufa masa bargo. Sannan na tuna ya taɓa kiran abokin nan da wayata.

"Malam, injin ya daina ƙas."

"Ya daina me?"

Na yi masa bayani. Ya yi salati, ya ce sabon abin da ta ɗauka da safe ne ya hana ta jin ma'aunin. "Uwargida, kwantar da hankalinki. Irin wannan kwamfutar in ta gina sabo ba ta rushe na jiya, yana nan a ajiye. Kashe ta ki kunna. Za ki ga layuka sun fito. Na sama shi ne na yau, ki sauka na ƙasa da shi."

"Ni fa ban iya Turanci ba."

"Wa ya ce ki karanta? Kin san kibiya mai kallon ƙasa?"

Na kashe na kunna. Layukan suka fito, daidai nan yaro ya tsanyara kuka a bayana, na juya in jijjiga shi. Kafin in waiwayo sun ɓace, ta koma kan na yau ɗin.

"Sun gudu!"

"Ba sa jira. Sake. Ɗora yatsanki a kan kibiyar tun kafin ki kunna. Shi kuma angon da ke kuka a bayanki ki ce ya yi mana haƙuri."

Na sake. Suna fitowa na danna kibiya, farin layin ya sauko, na danna babban maɓallin da ya kwatanta mini. Rubutu ya yi ta gudu. Lamba ta fito, ƙasa sosai da wadda na saba gani, sannan na ji ƙas, fitilu suka kama. Zama na yi a ƙasa. Abokin ya ce in zare wayar akwatin intanet, don kada gobe da safe ta koma ta ɗebo abin da ya ɓata ta. Na zare, har na ɓoye ta cikin kwallata.

Maigidana ya dawo da la'asar sakaliya jiƙe sharkaf. Ya saurare ni har ƙarshe, ya je ya tattaɓa ƙwan, ya ce, "Sannu."

Da lokaci ya yi, na faranti na sama da na tsakiya suka fashe kusan duka. Na ƙasa kaɗan ne suka fita, kuma yawancinsu na wata dattijuwa maƙwabciyarmu ne, wadda ta yi ta bin zabbinta cikin gero tana tsintar ƙwan. Tare muka je, ya gaya mata gaskiyar abin da ya faru, ya ce ta ɗauki kasonmu. Ta ɗauki rabi ta tura masa saura.

"Kaza ma takan tashi ta bar ƙwai, ba a kai ta kotu," in ji ta. "Amma ɗan nan, in za ka yi gwaje-gwajenka, ka yi da ƙwan gidanku."

A makon ya zauna ya gyara fayil ɗinsa. Ya mayar da injin gaba ɗaya kan mai tsayuwa, abu ɗaya tak da ma'aunin ke buƙata ya ɗauko daga mai gudu, ya ɗaure shi a kan wanda ya tabbatar yana aiki. Ya hana ta sabunta kanta. Sai an kwashe 'yan tsaki, inji ya zama fanko, yake yi da hannunsa yana tsaye. Kwamfutarsa ta cinya kuwa har yau a kan mai gudu take, wani lokaci ta birkice masa ya yi ta tsaki, ba wanda ya yi asara.

Abin da na koya, sabo ba laifi ba ne, tsoho ma ba tsira ba ne. Kafin mutum ya zaɓa, ya tambayi kansa: in abin nan ya tsaya, wa zai cutu, kuma wa ke gida a lokacin? In kai kaɗai ne, bi wadda ka ga dama. In amanar wasu ce a ciki, ka bar ta yadda ka san tana aiki har sai ka mayar wa masu ita abinsu.