Tankar da ke Bayan Katanga

Sunana lauya, amma ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Aikina shi ne in hukuma za ta haɗa hannu da ɗan kasuwa, shi ya gina abu ya riƙa gudanarwa yana cin ribarsa, sai a kira ni in duba yarjejeniyar in ba da shawara. Shawara, wai! Abin da suke so kawai a ce lauya ta gani. Na tsufa ina zuba magana a kunnen mutanen da hankalinsu ke kan rana ɗaya tak, ranar buɗewa, da za a kafa rumfa, a kira makaɗa da masu hoto, babban baƙo ya yanke ƙyalle.

A wajen Yendi na fara ganin dabararsu. An gina wa wata kasuwa makewayi da wurin wanka. Babban baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya tsinke, aka yi ta tafi kamar an ga mu'ujiza. Ni kuwa na zaga baya neman inuwa, sai ga tankar ruwa an laɓe da ita jikin katanga, an jona mata tiyo. Kafin baƙi su gama cin shinkafa ta kama hanya, famfon nan kuma bai sake ɗiga ba. A wajen Bawku na sake ganin haka a wata tashar mota. Su can har sun fi wayewa, sun lulluɓe tankar da tamfol kada ta ɓata hoto.

Duk wannan haushi kawai yake ba ni, sai da abin ya iso gida.

Garinmu yana tsakanin Salaga da Makango, mu kuma gidan mahauta ne. Baffa, ƙanen mahaifina, shi ne Sarkin Fawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Mayankarmu ba wani abin kallo ba ce, dandamalin siminti ne ƙarƙashin maɗaci, amma a gefensa akwai rijiyar da kakanmu ya haƙa, wadda ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Wanda bai san fawa ba yana zaton wuƙa ce jarinta. Ruwa ne. Da shi ake kore jini, a wanke tumbi da hanji, mahauci ya tsarkake jikinsa ya yi salla.

Sai wani kamfani ya zo zai gina mayanka ta zamani a kan tudu bayan gari, da sharaɗin a rufe tsohuwar don kowa ya koma tasu. Ni aka kira duba yarjejeniyar. Na ce musu a gina, amma kada a taɓa tsohuwar sai sabuwar ta sami ruwanta na kanta, an ga ya ƙetare rani. Na faɗa da Turanci, na maimaita da Hausa, don kada wani ya ce bai ji ba. Ciyaman na hukumar garinmu, wani mai tumbi da ba ya zama sai da waya biyu a gabansa, ya yi murmushi ya ce, “Madam lauya, ruwa ai ƙaramin abu ne. Yana mataki na biyu.” Injiniyan kamfanin, da kwat a cikin wannan zafin, ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na ce wannan sakin reshe ne kama ganye. Suka gode mini ƙwarai, aka kawo lemo.

Mahauta ba su yarda da zancen ba tun farko. Suka taru a zauren Baffa, matasansu na cewa su kwana a mayanka su ga wanda zai taɓa ta. Baffa ya hana. Ya ce, “Uwata tana cikin ɗakin da ake maganar. Ta ce kada a taɓa rijiya, ba za a taɓa ba.” Da na ji, na je na durƙusa na ce, “Baffa, ni fa shawara nake bayarwa, ba ni ke yanke hukunci ba.” Dariya ya yi. Ya ce, “Haba Uwata, wa zai ɗauki goro ya je gun malami ya yi tambaya, sannan ya ƙi bin abin da aka gaya masa?” Haka aka saba a duniyarsa, ba a tambayar masani don ado. Na yi iya ƙoƙarina in fahimtar da shi cewa waɗannan mutanen don adon suke tambaya, ya ce ƙuruciya ke damuna. Ya sa girmansa ya sallami jama'arsa.

Ina Bolgatanga kan wani aiki aka kira ni. Katafila ta zo ta farfasa dandamalin, ta tura ɓaraguzan cikin rijiyar har baki. Nan take na kira ciyaman. Ya ce kamfani ne ke tsoron kada mahauta su riƙa komawa a sace, kuma buɗewa ta matso, in yi haƙuri. Na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Ranar buɗewa ban bi ta rumfa ba, kai tsaye na zaga bayan katanga. Tankar tana nan, da tiyonta. Wallahi da na gan ta sai da na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Ginin kam ya yi kyau, tayil fari fat, ƙugiyoyi na ƙyalli. Aka kawo bijimi, aka ce Sarkin Fawa ne zai yi yankan farko don masu hoto. Baffa ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya yanka. Babban baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya kore jinin, aka yi guɗa. Baffa ya waigo ya dube ni yana murmushi, irin na ai na gaya miki. Na kasa haɗa ido da shi.

Manya suka wuce cin abinci gidan ciyaman. Can ma ana bukatar ruwa, don haka tanka ta bi su. Mahauta na tsakiyar fiɗa, an farke ciki, tumbi a ƙasa, famfo ya yi tari ya tsaya. Aka murɗa na biyu, iska. Nan da nan ƙudaje suka sauka. Babu wanda ya zagi Baffa, da ma sun zage shi da ya fi sauƙi. Tsayawa kawai suka yi da wuƙaƙe a hannu suna kallonsa. Wani dattijo da suka yi ƙuruciya tare ya ce a hankali, “Sarki, da ka bar mu mun kwana a can.”

Sai aka kira sallar azahar. Baffa ya je ya murɗa famfon da kansa, ya sake murɗawa. Jini ya bushe masa har gwiwar hannu. Ya tako zuwa inda nake, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ruwa ba a rayuwarsa, ya ce, “Uwata, ina zan wanke hannu?”

Ruwan leda ɗaya ne a jakata. Na ɓula shi da haƙori, ya miƙo hannuwa, na riƙa tsiyaya masa. Bai ɗago kai ba. Ruwan ya ƙare kafin a kai ga hannun hagu.