Gyaɗa Bakwai ta Maharbiyata

Kwana tara ke nan, amma har yau in babur ya taka burki a bayan gidanmu sai na ruga ɗaki. A haka Yaya Sani, ɗan wan Babanmu da ke jami'a, ya baje mana wasansa a tabarma jiya da la'asar: kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda, ya raba masa maki, a jefa ƙwayar lido a ga abin da zai same shi. Na ce maharbiya nake so.

"To, zuba mata ƙarfi da baka," in ji shi.

Sai Iya Delu, kakarmu ta Zango, ta faɗo mini a rai. Bayan isha'i a bakin murhu, ba ta soma tatsuniya sai ta ƙirga wa kowa gyaɗa bakwai, ta zana gida huɗu a toka: ƙarfi, baka, ido, haƙuri. "Ku raba wa maharbinku guzuri, ja'irai. Dajina ba ya jin magiya." Mazan su jibge tasu a ƙarfi da baka. Ni matsoraciya ido da haƙuri nake cikawa, ana yi mini dariya.

Daga nan ta kora maharban daji. Na mazan su kashe ɓauna, su kashe zaki, rana ta karkata su rasa gabas, ƙishirwa ta kwantar da su. Tawa ko zomo ba ta harba ba. Duƙawa ta yi ta ga sawun shanu, ta taɓa kashinsu ta ji da ɗumi. "Da yamma saniya gida take nufa," in ji Iya. "Bi inda kofato ya kalla." Sai ta kwashe gyaɗar waɗanda suka mutu ta watsa a baki.

Ran nan, kwana tara da suka wuce, ina dawowa daga Baure, inda nake koyon ɗinki, wasu mutane suka gicciya itace a hanya. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya yar da babur, kowa ya yi ta kansa. Na faɗa gonar gero, na yi gudu har takalmina ya fita, har na rasa gabas. Kuka nake, ba zan ɓoye ba. Amma na duƙa. Sawun shanu ne ya kai ni wata ruga kafin magariba.

Tun ranar Umma ta ce ni da Baure har abada, alhali saura wata biyu in gama.

Yaya Sani ya leƙa takardata, ya ga ido da haƙuri na zuba wa maki, ya kwashe da dariya. "Ƙanwata, wannan ai ba za ta kashe kowa ba."

"Ba kisa ta fita yi ba, Yaya. Za ta je, kuma za ta dawo."

Da ƙarfi na faɗa, don Umma tana bakin murhu tana ji. Ta ci gaba da iza wuta.

Da, na ɗauka Iya lallashin matsorata take yi. Ashe nuna mini take inda ake ajiye tsoro: a ido, ba a ɗaki ba. Na sayo sabon takalmi ɗazu. Ran Litinin akwai ɗinki a Baure.