Yarinyar Gidanmu

Ranar Lahadi ce, ana tsakiyar roron wake, shekarar da na shiga aji ɗaya a makarantar kwana ta 'yan mata can wajen Safana. Ita ce ranar ziyara ta farko a rayuwata. Tun da muka idar da sallar asuba na share yankin da aka yanka mini a bayan ɗakin kwananmu, na bi layin famfon tuƙa-tuƙa, na yi wanka, na zaro yunifom ɗin da na shimfiɗa ƙarƙashin katifa don ya yi kamar an goge shi. Ko kunun safe ban kalla ba. Wa zai cika cikinsa da wannan tsararo alhali dambun Innata na bisa hanya?

Yadda ake yi, duk wanda ya zo yakan tsaya a bakin ƙofa ya faɗa wa siniyar da ke gadi sunan 'yarsa, sai a ƙwala kira har ɗakunan kwana: wance, kin yi baƙi! Mu kuma a ɗakinmu muna da tamu dokar. Da yamma kowa za ta juye abin da aka kawo mata a tabarma ɗaya a ci tare, wadda ba a zo mata ba ita ke wanke kwanuka. Wannan wankin ne abin tsorona. Tun farkon zango nake cin garin kwaki da sukarin Bilkisu, maƙwabciyar gadona, 'yar wani ma'aikaci a cikin garin Batsari. Ita ke raɗa mini amsa in malamin Turanci ya tsayar da ni, ita ke ara mini biro a lokacin karatun yamma. Ba ni da abin ramawa sai baki. Na cika ɗakin da labarin dambun zogale da ƙuli-ƙuli da furar ƙauyenmu Wagini, har Bilkisu takan ce, "Hajara, Allah Ya nuna mana wannan dambu kafin mu tsufa."

Hantsi ya yi, aka fara kira. Aka kira Bilkisu, aka kira ta sama da gadona, aka kira har wadda iyayenta ke Katsina. Duk sunan da ya fara da "Ha" sai gabana ya faɗi, in miƙe, ya ƙare a Hauwa ko Halima, in koma in zauna ina gyara ɗankwali kamar dama abin da ya tashe ni ke nan. Da aka yi azahar na kasa jure kallon tausayi, na sulale zuwa ajinmu, na buɗe littafin lissafi a gabana. Ƙamshin shinkafa da miya na shigowa ta taga daga gindin darbejiya, inda iyalai suka baje tabarmi. Na yi kuka, na kuma yi fushi da Baba, wanda ya yi alkawarin zuwa da babur ɗinsa.

Bayan la'asar, saura kaɗan a kaɗa ƙararrawar sallamar baƙi, Anti Zulai, siniyar da ke kan ƙofa, ta bi ajujuwa tana shela cewa duk 'yar aji ɗaya da ta fito daga ƙauyukan Batsari ta zo bakin ƙofa. Muka taru, aka jera mu kamar masu fareti. A jikin katanga, cikin rana, ga wata mata zaune da ƙwarya naɗe a zane, ƙafafunta furu-furu. Inna ce. Ashe zazzaɓi ya kwantar da Baba, ita da ko kasuwar Batsari ba ta cika zuwa ba ta hau ɗan acaba, ta shiga akori-kura, ta iso tun hantsi.

Ni 'yar fari ce, sunan uwar mijin Inna kuma aka sa mini. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. A ɗakin kakata na tashi, ita ke yi mini kitso, ita ke tura ni tsinko zogale. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko Uwani da kowa ke ce mini a gida. In tana son aike na sai ta ce wa iska, "Wani ya miƙo maburgi." A Wagini wannan tarbiyya ce, har yaba ta ake yi. A ƙofar makaranta kuwa ya zama abin kallo. Sun tambaye ta suna, ta ce, "Yarinyar gidanmu." Suka ce to sunan mahaifin yarinyar, nan ma ta sunkuyar da kai, don sunan miji ya fi nauyi.

Anti Zulai ta ce, "Mama, ga su nan, nuna mana taki." Inna ta ɗago ta bi layin da ido ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina sai ta tsallake, ta ja mayafi ta kauda fuska. Ni kuma ƙafata ta ƙi ɗaguwa, don 'yan makaranta sun yi mana zobe suna ƙunshe dariya. Wata tsohuwa da ta zo ganin jikarta ta nuna ni da baki ta ce, "Wadda ba ta kalla ba, ita ce tata." Dariya ta ɓarke. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Na durƙusa na gaishe ta ciki-ciki. Inna kuwa sai ta kama Bilkisu, da ta biyo ni, da hira, tana ce mata, "Ki gaya wa ƙawarki ta riƙa lulluɓa, akwai sauro." Haushi ya ciyo ni na ce, "Inna, suna ne fa kawai." Ta turo ƙwaryar wajen Bilkisu, aka kaɗa ƙararrawa, ta miƙe tana ɗingishi saboda dogon zama. Dambun da ta turara tun kafin asuba rana ta riga ta juya shi. 'Yan ɗakinmu suka ɗanɗana suka yamutsa fuska, ƙuli-ƙulin kaɗai ya ciwu. Ba wadda ta ce in wanke kwanuka, amma ni na kwashe su na yi bakin famfo, don kada a ga idona. Har na gama makarantar sunana Yarinyar Gidanmu.

Yanzu ni ma ina da 'yar fari a makarantar kwana. Ranar ziyara tun daga mota nake ƙwala mata kira, ta rugo ta rungume ni, ba wanda ke waiwayowa. Inna ta tsufa, in na buga waya gida sai in ji tana ce wa ƙannena, "Ku tambaye ta ko ta ci abinci." Na daɗe ina jin kunyar abin da bakinta ya kasa faɗa, kafin in lura cewa motocin Batsari sun yi ta tashi a gabanta wunin nan, ba ta shiga ko ɗaya ba. Kunyar da nake ji yau ta ƙafata ce, da ta ƙi takawa gare ta.