Zanen Tafiyar Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana auna filaye, shi ya sa har bayan ritaya mutanen layinmu ba su daina kiransa Mai Awo ba. Da ya ajiye aiki, Yaya ya saya masa na'urar GPS ta hannu, 'yar baƙa mai maɓallai biyar. Baba ya ɗaure ta a ƙahon kekensa da roba. Kowace safiya sai ya bi ta bayan gari har gindin duwatsu, ya jingina keken, ya kwance na'urar, ya hau da ƙafa. Inna takan ce, "Da na'urar nan tana dafa abinci, da tuni ya sallame ni."

Aikina shi ne ran Asabar in haɗa na'urar da kwamfuta, ya ga zanen hanyoyin da ya bi. Layinsa tsaf yake, kamar an ja da rula: fita, hawa, dawowa.

A shekara ta huɗu layin ya soma canzawa. Wata Asabar na ga ya cukurkuɗe a mararrabar da ke kusa da gidanmu, kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na duba lokaci. Minti arba'in ya yi yana kewaya wurin da yake bi tun kafin a haife ni. Da na tambaye shi, ya ce na'urar ce ta rikice, batir ya yi sanyi. Na yarda, don abin da nake son ji ke nan. Ban gaya wa kowa ba.

Makon da ya biyo baya ƙullin ya zama uku. Ɗaya a kan dutse yake, dab da inda gangaren ya yanke.

Ranar wata Talata aka yi azahar bai dawo ba. Inna ta ajiye kwanonsa, ta rufe, ta sake buɗewa. Ni da Yaya muka bi hanyarsa a babur. Keken muka fara gani a gindin dutse, kwance, takalminsa ɗaya a gefe. Nan take Yaya ya fara hawa.

Can sama muka same shi zaune a kan falalen dutse, taku biyu tsakaninsa da bakin rami, leɓensa ya bushe. Na'urar tana hannunsa, kibiyar tana nuna gida sarai. Ya dube ni da fara'ar da yake yi wa baƙi.

"'Yan nan," in ji shi, "wannan abin na wane ne?"

A hankali muka sauko da shi, Yaya na gaba, ni ina riƙe da rigarsa. A asibiti likita ta tambaye mu yaushe abin ya fara. Inna ta ce yau ne. Na ciro zanen da na buga a takarda, na nuna mata kwanan watan ƙullin farko. Yaya ya daɗe yana kallona.

Yanzu keken yana ɗakin ajiya, an cire masa sarƙa. Ƙofar gida kuma an sa mata sakata daga sama, inda hannun Baba ba ya kaiwa. Jiya da safe na tarar da kujera a jikin ƙofar, an jawo ta daga falo.